Masu kallon taurarin ɗan Adam a Bulumkutu

Mai zuwa Maiduguri daga Kano sammako yake yi, don ba direban da ke son yamma ta riske shi tsakanin Damaturu da Benisheikh a rufe hanya. Mun wuce Potiskum da hantsi, muka shiga gari ana kiran la'asar. Ƙarshen damina ne, hazo bai sauko ba tukuna, lokacin da ɗan yayata, ɗalibi a Jami'ar Maiduguri, ya ce in zo in ga abin da shi da abokansa suke yi a saman bene a Bulumkutu.

Kayan aikinsu tabarau na hangen nesa ne, da littafin rubutu, da waya mai manhajar Heavens-Above. Bayan magariba ƙasa ta yi duhu, amma rana na haska abin da ke can sama.

"Kawu, ga ta nan!"

Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ce, mai nisan kusan kilomita 400, tana zagaye duniya cikin minti 90 da ɗoriya. Ba ƙyaftawa, ba ƙara. Tana tsakar tafiya ta faɗa inuwar duniya ta ɓace. Wata dattijuwa ta ɗago murya daga gidan maƙwabta: "Yarana, na soja ne?" A garin da ya ga abin da ya gani, haske a sama ba abin wasa ba ne, sai da aka kwantar mata da hankali.

Hankalin yaran ya fi karkata ga taurarin ɗan Adam masu gangarowa ƙasa. Ko a can sama akwai 'yar iska da ke goge su, tana rage musu tsawo. Tashar ana ɗaga ta lokaci-lokaci. Tsofaffin gangunan roka kuwa ba mai ɗaga su. Abin da ya burge ni shi ne, gwargwadon saukar abu gwargwadon saurinsa, sai ya riga lokacin da tsohon lissafi ya yanka masa. Daƙiƙun wannan bambanci suke rubutawa, kuma a ganina wannan ilimi ne sosai.

Sun ba ni labarin Nigeria EduSat-1, wanda Jami'ar Fasaha ta Akure ta sa hannu a ƙirarsa: an harba shi a 2017, ya ƙone a iska a 2019. Ba kowanne ke ƙonewa ƙurmus ba. A Mayun 2020 ɓaraguzan rokar Long March 5B ta China sun faɗo a ƙauyukan Kwaddibuwa, har suka lalata gidaje.