Laranto Ta Jos Da Sana'ar Shimfiɗa Filin Wasa

Matafiyin da ya taso daga Sakkwato ko Katsina a tsakiyar bazara, ya biyo ta Zariya ya nufi Jos, tun bai shiga gari ba jikinsa zai ba shi labarin ya canja ƙasa. Mota za ta yi ta hawa, duwatsu suna bayyana dama da hagu, wasu a ɗore bisa wasu kamar da hannu aka jera su, har iskar da ke shigowa ta taga ta sa shi laluben rigar sanyin da ya manta bai ɗauko ba. Dalili kuwa shi ne Jos tana bisa tudu mai tsawon kimanin ƙafa 4,000, wato mita 1,200 daga gaɓar teku.

Cikin unguwannin Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa akwai wadda ake kira Laranto. Baƙo ba ya bukatar ɗan jagora kafin ya gane ya iso, domin ƙarar injin yankan katako da ƙamshin garin itace su ne za su tarye shi. Nan kasuwar Katako take, inda ake jibge falankai da azara da filawud, kafintoci suna zaɓe suna ƙwanƙwasawa, masu kura suna jiran a yi ciniki su ɗauka. Ga kuma 'yan hatsi da buhunan masara da dawa da acca. Ba nisa da su akwai makarantar St. Augustine, wadda aka kafa a 1967 don horar da limaman ɗariƙar Katolika. Ashe ke nan a unguwa ɗaya mutum zai ji kiran salla, ya ji ƙararrawar majami'a, ya kuma ji dillali yana rantsuwa a kan kuɗin falanki.

Kuza ce ta tara wannan jama'a. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka soma haƙarta a ƙasar Birom da Anaguta da Afizere, ma'aikata suka yi ta kwararowa daga Kano da Bauci da Barno da Kudu. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya, a 1927 kuma aka haɗa garin da babban layin dogo ta Kafancan. Turawan haƙar ba su zo da injuna kaɗai ba, har da wasanninsu suka zo. Filin golf na Rayfield tun 1913 yake, ga filin folo, ga filayen tanis a kulob-kulob ɗinsu, waɗanda a zamanin nan talaka sai dai ya leƙa ta bayan shinge. Ƙwallon ƙafa ita ce ta zama rabon kowa, kuma Jos ta nuna bajinta a cikinta: Mighty Jets ce ta ci gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972, Plateau United kuma ta maimaita a 2017.

To, amma wanda ya zaga lungunan Laranto da la'asar zai ga abin da zai sa shi tunani. Yara ne birjik suna buga ƙwallo a kan hanya, sun kafa duwatsu biyu a matsayin raga, in mota ta taho su dare, in ta wuce su dawo. Gari ya cika, gini ya ci fili, ba a bar wa yaro inda zai yi gudu ba. Bayan haka, rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun raba unguwannin Jos da yawa, har ya zama akwai samarin da suka girma ba su taɓa wasa da tsaransu na ƙetaren titi ba. Filin ƙwallon ƙafa yana bukatar fiye da yadi 100 a tsawo, wannan kuwa ba a samunsa a tsakiyar gari sai da rusau. Saboda haka ya kamata a dubi wasannin da ƙaramin fili ke isarsu.

Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda Amurkawa ke kira pikilbol. Mutum uku ne suka ƙago shi a 1965 a tsibirin Bainbridge na jihar Washington, wato Joel Pritchard da Bill Bell da Barney McCallum, don su sama wa 'ya'yansu abin yi. Ya ɗebo daga tanis, ya ɗebo daga badminton da ƙwallon tebur. Ana buga wata ƙwallon roba mai huji-huji da wani ɗan allo mai mariƙi, kamar allon ɗan makaranta, kuma allunan farko da filawud aka yanka su, irin wanda ke jibge a Katako. Faɗin filin ƙafa 20 ne, tsawonsa 44, ragar tsakiya kuwa inci 36 a gefe, 34 a tsakiya. In an haɗa da wurin ja da baya, ƙafa 30 da ƙafa 60 sun wadatar, wato filin tanis guda zai ɗauki huɗu. Abin lura shi ne wasan ya yi ƙarfi ƙwarai a garuruwan hamadar Amurka, har gasarsa ta ƙasa ta farko a garin Buckeye na jihar Arizona aka yi ta a 2009. Maginan can sun sha fama da rana irin ta Sakkwato da Maraɗi, kuma abin da suka koya yana da amfani a nan.

Shi dai shimfiɗa irin wannan fili ba baƙon aiki ba ne ga Bahaushe, domin ɗan'uwan daɓe ne. Da can in za a daɓe ɗaki, mata kan taru a zuba marmara ko tsakuwa, a yayyafa ruwa, a yi ta bugu da madaɓi ana waƙa, sa'an nan a shafe da makuba ta ɓawon ɗorawa don ya yi ƙarfi. Kowace tsohuwa ta san in aka yi gaggawa daɓe zai tsage. Haka abin yake ga kankare. Da farko a kwashe ƙasar sama, a zuba burji da tsakuwa a danne su sosai, a shimfiɗa rodi, kana a zuba kankare mai kaurin inci 4. Tsawon filin ya miƙe daga kudu zuwa arewa, don kada hantsi ko rana mai faɗuwa ta shiga idon mai wasa. A kuma karkata shi kaɗan zuwa gefe guda, kamar inci 1 a kowace ƙafa 10, yadda ido ba zai gani ba amma ruwa zai gane hanyarsa.

Daga nan ne aikin magini na Sakkwato ke rabuwa da na magini na Jos. A ƙasa mai zafi, inda ma'auni ke wuce 40 a watan Afrilu, babban abokin gaba shi ne saurin bushewa. Siminti da ruwa yake ƙarfi, in rana da busasshiyar iska suka shanye ruwan tun bai kama ba, sai fuskar ta yi zane-zane kamar ƙasan tafki da rani. Don haka ake zuba kankaren da asuba ko bayan faɗuwar rana, a lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna, a yi ta ba shi ruwa har mako guda. Kwalta ta fi araha, amma takan yi laushi a irin wannan rana, ta kuma tsufa da wuri. Fenti mai haske ya fi baƙi, domin bai cika riƙe zafi ba, kuma rumfa ko inuwar darbejiya wajibi ce ga masu jiran layi, sai dai a nisanta itacen don kada saiwarsa ta ɗaga daɓen.

A Laranto kuwa ruwa ne abin tsoro. Ruwan da ke sauka a Jos a shekara ya kai milimita 1,400, kusan ninki biyu na Sakkwato, wani lokaci har da ƙanƙara. Wanda bai haƙa lambatu ya kewaye filinsa ba, marka ɗaya za ta zaizaye ƙarƙashinsa, ya wayi gari da kududdufi. Amma Jos ta yi sa'ar duwatsu, tsakuwa mai kyau ba ta yi mata wuya. Ko a ina ne dai, ƙa'ida ita ce a bar kankare ya kwana 28 kafin a shafa masa fenti, a kuma gauraya fentin da lallausan yashi don kada takalmi ya zame. Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi kan dafa dutse.

Saura abu biyu. Ƙwallon ba ta kai nauyin giram 30 ba, iskar hunturu tana iya kwashe ta, shi ya sa ake kewaye filin da waya mai tsawon ƙafa 10 a rataya mata yadi ta ɓangaren da iskar ke bugowa, wato arewa maso gabas. Sa'an nan bugun yana da ƙara, ƙwas-ƙwas kamar ana sassaƙa, har ya sha haddasa ƙararraki tsakanin maƙwabta a Amurka. Hankali shi ne a nisanta filin daga masallaci da majami'a da ɗakin karatu, a kuma yanka lokacin tashi.

Duk abin da aikin ke bukata yana cikin Laranto ko kusa da ita: birkila da kafinta da mai walda, katako da rodi da siminti. Abin da ya rage shi ne ɗan fili ƙafa 30 da 60 wanda ba za a sayar ba, da dattawan da za su tsaya a kansa. Da ƙaramar hukuma da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da shugabannin addinai biyu za su haɗa kai su keɓe irin wannan wuri a kan iyakar unguwanni, da yaran da ke dare wa mota sun sami inda za su haɗu da la'asar. Allah ya zaunar da Filato lafiya, ya kuma ba masu iko ikon dubawa.