Taya a Kasuwa, Taya a Intanet

Duk yaron da ya tashi a Rurum Sabon Gari ya san kalmar “taya” tun kafin ya iya haɗa baƙi. Ka kai akuya kasuwa, mai saye ya zo ya dudduba ta ya ce, “Nawa?” Kai kuma ka ce, “Taya.” Sai ya faɗi abin da zai iya biya. In bai yi maka ba ka ce, “Albarka,” ya ƙara ko ya wuce. In ya yi maka ka ce, “Na sallama.” ’Yan uwana ɗalibai, wannan tsohuwar hanyar ciniki tamu ta taɓa shiga intanet a Amurka, har aka riƙa kama ɗakin otal da ita. Akwai darasi a cikin labarin ga duk wanda wata rana zai bar gida da ɗan kuɗi ƙididdigagge a aljihu.

A shekarar 1997 wani Ba’amurke mai suna Jay Walker ya kafa kamfanin Priceline, ya fara aiki a 1998 da tikitin jirgin sama, daga baya aka ƙara ɗakunan otal. Tsarin nasa shi ne mai saye ya faɗi farashinsa da kansa. Matafiyi zai shiga shafin ya zaɓi gari da unguwa, da ranakun da zai kwana, da darajar otal ɗin da yake so, wadda ake aunawa da taurari daga ɗaya zuwa biyar. Sai ya rubuta kuɗin da ya taya, ya sa lambar katinsa na banki. Idan akwai otal ɗin da ya amince da wannan kuɗi, nan take a cire shi, sannan a gaya masa sunan otal ɗin. Daga nan ba fasawa, ba canji, ba mayar da kuɗi. Idan kuwa aka ce masa albarka, sai ya jira awa 24 kafin ya sake tayawa, ko kuma ya canja unguwa ko daraja ko rana.

Da na fara karanta wannan, abin da ya ɗaure mini kai shi ne dalilin da zai sa babban otal ya yarda ya karya farashinsa. Tumatir ne ya ba ni amsa. Mu da ke makwabtaka da madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, mun san ruwanta ne ke raya noman rani a Kadawa da Kura. Mun kuma san yadda ake cinikin tumatir a Kwanar Gafan. Da safe manomi yana da baki, yana iya cewa albarka sau goma. In rana ta yi yamma kwandunansa na nan a jere, dole ya sassauta, domin gobe sun fara ruɓewa. Mai masara ko gero ba ya cikin wannan matsi, zai iya mayar da buhunsa gida ya jira kasuwa ta gaba.

Ɗakin otal ɗan uwan tumatir ne, har ya fi shi saurin lalacewa. A ce otal yana da ɗaki 100, aka kama 60 a daren yau. Sauran 40 ɗin, in gari ya waye babu kowa a ciki, kuɗin wannan dare ya tafi har abada. Ba a ajiye daren Talata a sayar da shi ranar Laraba. Albashin ma’aikata da kuɗin man janareto kuwa suna nan, ko da baƙo ko babu. Don haka rabin kuɗi ya fi babu. Sai dai otal ba ya so ya rubuta rangwamen a allo, kada wanda ya biya cikakken kuɗi ya ji ya ce shi ma sai an rage masa. Shi ya sa aka ɓoye sunan otal har sai ciniki ya faɗa. Mai otal ya sayar da ragowar ɗakunansa a asirce, matafiyi ya sami sauƙi, kamfanin ya ci ribarsa a tsakani kamar yadda dillali ke cin la’ada.

To amma akwai inda tayin intanet ya rabu da namu. A kasuwar Rano, kafin ka taya rago sai ka buɗe bakinsa ka ga haƙora, ka taɓa gadon bayansa, ka sa ya yi tafiya. A wancan shafi kuwa sai ka biya sannan ka san abin da ka saya. Wannan shi ne Bahaushe ke kira cinikin biri a sama. Mutum zai iya samun otal a can ƙarshen unguwar da ya zaɓa, nesa da inda yake da sabga, kuɗin mota ya cinye rangwamen. Ga haraji da kuɗin hidima da ake ɗorawa a kan abin da ya taya. Akwai kuma tarkon da duk ɗan kasuwa ya sani: in ka taya sau ɗaya aka ce “na sallama” ba gardama, to ka san ka zarce. Waɗanda suka ci ribar tsarin su ne waɗanda suka fara bincika farashin otal-otal na unguwar, suka fara tayi daga ƙasa, suka kuma yanke wa kansu iyakar da ba za su wuce ba.

Na ga wannan hikima da idona a hannun mutumin da bai taɓa buɗe shafin intanet ba. Shekarar da na gama sakandare, cibiyar da zan rubuta jarrabawar JAMB ta faɗo a cikin birnin Kano, kuma da sassafe ake shiga. Ɗan uwanmu da muke sauka a gidansa ya yi tafiya, don haka Baffana ya raka ni da niyyar mu kwana kusa da cibiyar. Kuɗin hannunsa na buhun masara ne da aka sayar, a ciki za mu ci abinci, mu kwana, mu koma gida.

Baffa bai nufi kowane otal kai tsaye ba. Ya zauna a teburin mai shayi, ya tambaye shi nawa ake kama ɗaki a unguwar. Ya sake tambayar mai adaidaita sahun da ya ɗauko mu. Sai bayan sallar isha’i muka shiga wani ƙaramin masauki. Na lura idonsa na kan allon da ake rataye makullai, kuma mafi yawansu na nan a rataye.

“Malam, nawa ne ɗakin?” in ji Baffa.

“Dubu goma sha biyu, Alhaji.”

“A nuna mana tukuna.”

Ya kunna fanka, ya murɗa famfo, ya gwada sakatar ƙofa, ya tambayi ƙarfe nawa ake kashe janareto. Da muka dawo ya ce, “Dubu bakwai zan iya.” Ma’aikacin ya ce farashi a rubuce yake. Baffa ya yi godiya, ya ce mini, “Ɗauko jakarka, yaro.” Ba mu kai bakin ƙofa ba aka ce mu dakata a kira manaja a waya. A dubu takwas aka sallama, Baffa ya karɓi rasit kafin ya miƙa kuɗi duka. A ɗaki na tambaye shi, “Baffa, da sun ƙi fa?” Ya ce ya riga ya san wani masaukin a layi na gaba, kuma tun a wurin mai shayi ya ƙudurta ba zai wuce dubu takwas ba. Dubu huɗun da suka rage su ne suka mayar da mu Rurum.

Shi kuwa Priceline, ya daina wannan tsari a kan tikitin jirgi a 2016, daga baya ya daina shi a kan otal ma. Abin da ya maye gurbinsa shi ne a nuna maka farashin rangwame a fili, a ɓoye sunan otal ɗin kawai. A ganina mutane sun gaji da jira da zullumi, musamman da aka koma yin komai a wayar hannu.

Ku da ke aji biyar da aji shida, tafiya na gabanku. Tun 2015 a kwamfuta ake rubuta JAMB, kuma cibiyar na iya faɗowa a garin da ba ku da kowa. Bayanta ga jarrabawar shiga jami’a, ga neman ɗakin haya kusa da makaranta. A irin wannan lokaci ne za ku ga wani a Facebook ko WhatsApp ya sa hoton ɗaki mai kyau a farashi mai arha, ya ce a turo kafin alƙalami kada wani ya riga ku. Ku tuna ko tsarin Priceline, da duk ɓoye-ɓoyensa, kamfani ne sananne da ke da ofis da adireshi. Mai hoton nan lambar waya kawai gare shi, kuma yana iya kashe ta da zarar kuɗi sun shiga. Kada ku tura kuɗi a kan ɗakin da ku ko wani babba da kuka amince da shi bai gani ba, kada kuma ku je kama masauki ba tare da sanin iyayenku ba.

Ga ɗan aikin da za ku gwada a hutun nan. Ku bi mahaifinku ko yayanku kasuwa da littafi da biro. A kan kaya biyar, ku rubuta kuɗin da aka fara faɗa, da abin da aka taya, da inda aka sallama, da lokacin da cinikin ya faɗa. Ku fitar da kashi nawa cikin ɗari aka rage a kowanne, ku gwama cinikin safe da na yamma, ku gwama na tumatir da na masara. Ku kai wa malaminku na lissafi ko na tattalin arziki sakamakon, ku ji abin da zai ce.