Lanho ba ya duba rumbu

Dala 140 ce. Faran 700 ke nan, lanho, wato harajin da ƙananan hukumomin karkara a Nijar suka daɗe suna ɗora wa kowane baligi a shekara. Ma'aikaci a Damagaram zai ce ai kuɗin shayi ne. To, a ƙauyukan ƙaramar hukumar Gangara ba mutum ɗaya ke biyan nasa ba, maigida ne ke biyan na kowa. Idan takardar iyalinsa na ɗauke da mutum shida da suka isa biya, jika huɗu da dala arba'in ta hau kansa. A cikin shidan nan akwai saurayin da ya tafi bida Libiya bai aiko ko sisi ba, wani lokaci ma har da tsohuwar da aka yi wa sutura bara, don sunan mamaci ba ya fita daga takarda sai an sake ƙidaya.

Lokacin karɓar ya fi yawan kuɗin ciwo. Mai gari na fara zagaye da kaka, don ya san sai lokacin ake da abin hannu, shi ma kuma yana da ɗan kasonsa a cikin abin da ya tara. Amma da kaka ne tiyar hatsi ke faɗuwa warwas. Sai maigida ya sa a sussuke dami, a auna, a kai kasuwa, ɗan kasuwa ya saye da araha ya kulle a sito. Da bazara wannan hatsin zai dawo wa mai shi da tsada. Damargu kuwa, inda Gangara take, ƙasa ce da bana rumbu ya cika, baɗi a tashi da kara kawai, alhali lanho kawuna yake ƙirgawa, babu ruwansa da dammuna.

Ranar kasuwa kuma ga mai tikiti. Yana tsaye kan mai ƙosai tun ba ta yi cinikin fari ba, ya yage ƴar takarda ya miƙa mata, ita kuma ta cusa a bakin zane ba ta ko duba ba. Akuya ma sai an biya mata kafin ta canza hannu.

Ban ga laifin ma'aikatar magajin gari kacokan ba. Tun zaɓen 2004 aka miƙa wa ƙananan hukumomi ɗawainiya mai yawa, amma kuɗin bai biyo aikin ba. An kafa hukumar ANFICT a 2008 don ta riƙa tallafa musu, tallafin kuma sai ya ga dama yake isowa. Abin da aka tatso daga ƙauye da kasuwa galibi albashi da man mota ke lashe shi. Ga matatar SORAZ can a ƙaramar hukumar Olelewa, maƙwabciyar Gangara a cikin gundumar Tanut, tana tace mai tun 2011, amma mai jaki a Gangara har yanzu nisan rijiya yake lissafi.

A watan Afrilun 2024 gwamnatin soja ta rushe majalisun ƙananan hukumomi, ta naɗa kantomomi. Da, in an karɓi kuɗinka, akwai kansilan da kuka zaɓa, za ka tare shi a wurin suna ko jana'iza ka tambaye shi ina aka kwana batun famfo. Yanzu sai dai a tambayi mai gari, shi kuma ya ce ai ya kai kuɗin, ga rasit.