Garin Neman Gira A Rasa Ido

Tun da wayar hannu ta ƙwace wa faifan CD kasuwa, masu gyaran rediyo da dama a Yola da Jimeta suka koma gyaran waya. Amma a unguwar Mbamoi akwai wani dattijo da har yanzu ake kai masa na'urar faifai, galibi magidanta masu tarin faifan karatu da wa'azi da waƙoƙin Fulatanci. Abin da ke ɓata masa rai kuwa, da yawa cikin waɗanda ake kawowa, man da aka ɗura musu ne ya kashe su.

Kamfanonin Sony da Philips ne suka ƙago wannan faifai, aka fara sayar da na'urarsa a Japan cikin 1982. Ba allura gare ta irin ta garmaho ba, ido gare ta mai haske, wanda ke tafiya bisa wata siririyar sandar ƙarfe yana bin layin da bai kai kaurin gashi ba, faifan kuwa yana juyi sau 200 zuwa 500 a minti guda. To, in man kamfani ya bushe, sai idon ya riƙa cijewa, murya ta riƙa tsalle. Nan ne mai kaya ko yaron shago kan ɗauko abin da ke kusa, ko baƙin mai, ko man gyaɗa, ko gwangwanin feshi na WD-40.

Kowannensu da irin ɓarnarsa. Man gyaɗa yakan daskare ya zama danƙo. Baƙin mai yakan kumbura bel ɗin roba mai fito da faranti, har ya riƙa sulɓi. Na feshi kuma yakan wanke ɗan man da ya rage, ya watsu inda ba a aike shi ba. Sa'an nan ga ƙurar hunturu mai manne wa mai ta zama taɓo, ga zafin bazarar Yola da kan haura digiri 40, mai tsinka mai ya gangara. Ranar da ya kai ga idon, magana ta ƙare, domin samun sabon ido yanzu sai an tona.

Shi dattijon ba ya sa sabon mai sai ya goge tsohon sarai da auduga da sifirit. Haƙoran giya na roba, giris ɗin silikon yake shafa musu da bakin tsinken sakace, watau irin wanda ba ya cin roba. Sandar ƙarfe kuma ɗigo guda na man keken ɗinki ya ishe ta. Bel da ido kuwa, ko ƙamshin mai ba ya bari su ji.

Wata rana yaron shagonsa ya ce, "Maigida, ɗan wannan zai isa kuwa? Mai kaya zai ce ba mu yi aiki ba."

Ya ce, "Kai yaro, in har kana ganin man da idonka, ya yi yawa. Mai kaya karatunsa ya zo ji."

Lalle wanda bai san irin man da ya dace ba, gara ya share ƙura kawai ya mayar da murfi, ya kai wa wanda ya sani.