Ƙahon Rum a Hanyar Ringim

A watan Satumba na 2022 na bar Kano da buhun gero biyu da ƙunshin tabarmi, zan kai wa gwaggona a Ringim, bayan kogin Haɗeja ya tumbatsa ya shiga gidajen mutane. Muna wuce Gezawa na kunna wani kiɗa da ɗan ƙanwata ya turo mini a waya. Makaɗan Turai ne, taro guda, da manyan goge da ƙanana da ƙahonin tagulla, sun yi wasan ne don tara wa marasa lafiya kuɗi.

Sunan kiɗan Capriccio Italien. Wani Barashe, Tchaikovsky, ya tsara shi a 1880 bayan ya zauna a birnin Rum. Masaukinsa na maƙwabtaka da barikin sojan doki, kullum sai ya ji busar ƙahonsu, kuma da wannan busar ya buɗe kiɗan. Sauran ya tsinto daga waƙoƙin titi da rawar talakawan Italiya. Da ƙahon ya tashi sai tsigar jikina ta tashi, don kakakin ƙofar fada ya faɗo mini a rai, irin na safiyar hawan salla.

Kusa da gari direba ya rage gudu. Dama da hagu ruwa ne shimfiɗe, kan dawa kaɗai ke leƙowa. Na kashe wayar.

Na sami Gwaggo a wata makarantar firamare inda aka tsugunar da waɗanda ruwa ya kora. Da la'asar na ga wani dattijo a gindin darbejiya yana shanya algaitarsa. Ya ce ɗakinsa ya faɗi, ita kaɗai ya fito da ita, a naɗe cikin rawani. Na durƙusa na gaishe shi, na kunna masa kiɗan nan a waya.

"Baba, ji busar wasu mutane."

Ya kara wayar a kunne, ya yi shiru har ƙahon ya sauka.

"Ɗan nan, yana da ƙirji. Amma yana tsayawa ya sha iska."

Gaskiyarsa. Mai algaita kumatu yake cikawa, yana shaƙa ta hanci, busa ba ta yankewa. Na gaya masa masu kiɗan nan ba aljihunsu kuɗin ya shiga ba. A wurinmu makaɗi ake yi wa kari, shi ke karɓa, kuma na daɗe ina ganin ba mu san ƙarfin da ke hannun makaɗanmu ba a ranar masifa.

Bai amsa ba. Ya jiƙa bakin algaitar, ya aika yaro ya aro ƙwarya ya ajiye a gabansa. Da ya fara busa, mata suka fito daga azuzuwa, 'yan agaji da matafiya suka riƙa jefa hamsin, ɗari. Ana kiran magariba ya miƙa wa yaron ƙwaryar, ko ƙirgawa bai yi ba, ya ce a kai wa mai jegon da ke ajin ƙarshe.