Ina Aljanun Cikin Birni Suka Tafi?

Duk wanda ya saba karanta labaran al'ajabi da ake rubutawa da Hausa a wannan zamani, wato irin labaran nan na aljanu da matsafa da takubban sihiri, zai lura da wani abu guda. Kusan dukkansu a wata ƙasa mai nisa suke faruwa. Jarumin ɗan sarkin Misra ne, ko na Bagadaza, ko na Birnin Sin, ko kuwa na wani birni da ba a taɓa jin labarinsa ba, sunansa kuma ya yi kama da na Larabawa ko Farisawa. Da wuya ka ji an ce ga wani aljani ya tare mutum a lungun Alfindiki, ko ga 'yar ruwa ta fito daga Jakara. To, ni da aka haifa a cikin birnin Kano, a gindin Dala, wannan abu ya daɗe yana damuna. Shi ya sa na ga ya kamata in kawo kukana gaban 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu a cikin wannan mujalla tamu, ko Allah ya sa a sami mai share mini hawaye.

Da farko dai, wannan ɗabi'a ta kai labari nesa tana da asali. A shekarar 1933 ne Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar ƙaga labarai, wadda ta haifar mana da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da sauransu. Idan muka duba, Alhaji Imam na cikin Ruwan Bagaja daga Kwantagora ya tashi, amma sai da ya yi doguwar tafiya kafin ya kai ga aljanun da suka taimake shi. Shi ma Ganɗoki a nan gida ya fara yaƙinsa da Turawa, amma da zancen aljanu ya zo sai aka cilla shi ƙasashen gabas. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ya fito a 1951, shi ma ƙasarsa ba tamu ba ce. A 1969 kuwa Umaru Dembo ya ɗauki yaron nan Kilba ya kai shi sararin samaniya a cikin Tauraruwa Mai Wutsiya. Ga kuma Dare Dubu da Ɗaya, wanda aka daɗe ana karanta fassararsa a zauruka, har ya saba mana da cewa abin mamaki a gabas yake.

Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga shekarun 1980, soyayya ce ta fi yawa a cikinsa, amma daga baya littattafan yaƙi da jarumta sun sami kasuwa ƙwarai. Ni kaina lokacin da nake sakandare na sha karɓar hayar littattafan Abdul'aziz Sani Madakin Gini, in ɓuya a soro ina karantawa har a kira magariba. Yanzu ma irin waɗannan labarai ake karantawa a YouTube, masu ɗinki da masu tireda suna aiki suna saurare. Ba na raina su ko kaɗan, don su suka koya wa da yawa daga cikinmu son karatun Hausa. Sai dai kuma hanyar da aka bi tun 1933 ita ake bi har yau: in ana son abin al'ajabi, sai a ɗaura sirdi a bar gari.

Ta fuskar gajerun labarai kuwa, tun da Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata a 2016 domin mata marubuta, an sami ci gaba mai yawa, an kuma fito da masu alƙalami da ba a san da su ba. Amma labaran da na saurara yawancinsu a kan matsalolin zaman duniya suke, kamar auren dole da talauci da garkuwa da mutane. Wannan daidai ne, don abin da ya dami mutum shi yake faɗa. Abin da ya rage shi ne, an raba gida biyu. Mai rubuta halin da muke ciki ba ya sa aljani, mai sa aljani kuma ba ya rubuta halin da muke ciki.

Alhali kuwa a gidajenmu ba haka abin yake ba. A bayan gidanmu da akwai wani kududdufi babba, wanda kakanninmu suka haƙa garin ɗibar ƙasar tubali, kamar yadda aka sami yawancin kududdufan cikin birni. Kakata ta wajen uba ta tabbatar mana cewa akwai wata aljana a cikinsa, farar mace mai gashi har gadon baya, wadda ba ta son yaro mai taurin kai. In ta ga na nufi wajen da damina sai ta ce, "Kai maigida, in ka bari ta ɗauke ka, wa zai ba ni kuɗin cefane?" Ni kuwa sai in ce, "Ai kin tsufa, amarya zan yi." A yi dariya, amma fa ban ƙara taku ɗaya ba. Da wannan labari aka tsare yaran unguwarmu daga nutsewa shekara da shekaru, ba tare da an kafa shinge ko an ɗauki mai gadi ba. Haka kuma aka hana mu zama a bakin ƙofa da magariba, da zuba ruwan zafi a ƙasa ba bisimilla, da hawa tsamiya da tsakar rana. Har cewa ake yi aljanu na cin Kasuwar Kurmi tare da mutane, wai ana gane su da kofato. Wato dai a wajen mutumin birni, aljani maƙwabci ne, ana zaune da shi bisa ladabi da kiyaye haddi.

Ina aji biyu a jami'a aka gama cike wannan kududdufi da shara da ɓaraguzai, aka yanka shi filaye, aka gina shaguna. Damina ta gaba ruwan da ya saba kwanciya a cikinsa ya rasa wurin zuwa, ya shigo mana tsakar gida, ya kayar da katangar maƙwabtanmu. Da gari ya waye muna kwalfe ruwa da bokitai, sai na ji kakata ta ce, "To, an tashe ta, ga shi ta zo neman masauki." Babu wanda ya yi dariya a wannan karon. Ni kuwa sai na ga cewa tsohuwar nan, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ta shirya cikakken gajeren labari a cikin jimla ɗaya. Akwai aljana a ciki, akwai kwaɗayin fili, akwai ambaliya, akwai kuma hukunci. Irin labarin da nake nema a littattafai ke nan ban samu ba.

Kuma kada a ce birnin ba shi da kayan aiki. Littafin Tarihin Kano kaɗai ya ishi marubuci shekaru. A ciki aka ba da labarin Barbushe, wanda ya zauna a kan Dala yana shiga wurin Tsumburbura shi kaɗai, ya fito ya gaya wa jama'a abin da zai faru, har ya yi musu bayanin baƙon da zai zo ya mallake su, kafin zuwan Bagauda a wajen shekarar 999. A ciki aka ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwa. A ciki kuma aka kawo zancen Dirki, abin nan da aka naɗe da fatu ana yi masa yanka, har Sarki Alwali ya sa aka fasa shi aka tarar da Alƙur'ani a ciki, aka kuma ce masa za a kore shi daga garin kamar yadda ya fitar da Alƙur'ani daga cikin Dirki, ga shi kuwa a zamaninsa jihadi ya ci Kano. Ga Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa tun zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Ga karofin Ƙofar Mata. Ga Ƙofar Na'isa da aka rushe a 2010 domin faɗaɗa titi, aka sake gina wata a madadinta. Ashe ba labari ba ne a ce tsohon aljanin da ke gadin wannan ƙofa ya dawo daga tafiya ya kasa gane wurin aikinsa, ya tari mai Adaidaita Sahu yana tambayarsa hanya?

Ta wajen waƙa ma haka zancen yake. Rubutacciyar waƙar Hausa ta yi ƙarfi a wa'azi da madahu da siyasa da gyaran hali, tun daga malaman jihadi har zuwa su Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu. Abin al'ajabi kuwa sai aka bar wa baka. Yana cikin 'yan waƙoƙin da ake rerawa a tsakiyar tatsuniya, inda ƙashi ko tsuntsu ko ƙwarya ke tona asirin mai laifi. Yana cikin kirarin mafarauta da 'yan tauri, inda mutum zai ce ƙarfe ya zama ruwa a jikinsa. Yana cikin kirarin iskokin birnin Jangare, su Sarkin Rafi da Ɗan Galadima da Inna. A taron karatun waƙoƙi da nake halarta, na ji waƙar soyayya da ta tsadar rayuwa ba adadi, amma ban taɓa jin wanda ya sa kuka ko rijiya ko ganuwa ta yi magana da bakinta ba. Ga karin waƙa muna da shi, ga amsa-amo, me zai hana a yi ƙwar biyar da muryar ganuwa tana ƙirga waɗanda suka ɗebi ƙasarta?

Idan muka leƙa maƙwabta za mu ga sun riga mu. D. O. Fagunwa ya cika dajin Yarabawa da dodanninsu tun 1938, Amos Tutuola ya biyo shi da Turanci a 1952. A wannan zamani Nnedi Okorafor ta saukar da baƙi daga sama a Legas a cikin Lagoon a 2014, gajeren littafinta Binti kuma ya ci kyautar Hugo da ta Nebula a 2016. A 2014 ɗin nan ne aka kafa mujallar Omenana a intanet domin irin waɗannan gajerun labarai na Afirka, aka kuma fara ba da kyautar Nommo a 2017. Daga nan Arewa, Abubakar Adam Ibrahim ya fitar da The Whispering Trees, labarin da ya kai zagayen ƙarshe na kyautar Caine a 2013, inda matattu da rayayyu ke cuɗanya a irin garuruwanmu. Amma da Turanci ya rubuta. Kakata ba za ta ji shi ba, haka nan mai ɗinkin da ke sauraron labarin yaƙi a wayarsa.

Na san akwai masu cewa wannan duk ƙarya ce da ɓata lokaci. Wani abokina a aji ya ce mini, ana fama da tsadar masara wa zai tsaya jin zancen aljana? Amsata ita ce, Gizo ma ƙarya ne, amma da shi aka koya mana illar haɗama, kuma saboda darajarsa marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara littattafai shida na Tatsuniyoyi da Wasanni. Sau da yawa abin da ba ya faɗuwa kai tsaye, saboda tsoro ko kunya, yana faɗuwa ta bakin dodo. Akwai kuma masu tsoron kada a tayar da maguzanci. Wannan tsoro yana da hujja, bai kuma kamata a yi wasa da shi ba. Amma samuwar aljanu ba abin musu ba ce ga Musulmi, sura guda ce a Alƙur'ani da sunansu. Ba da labarin Barbushe kuma daban, bin Barbushe daban, in ba haka ba da malaman da suka rubuta Tarihin Kano ba su ajiye mana shi ba. Abin da ake bukata shi ne marubuci ya san inda ya sa ƙafarsa, kada ya mai da tsafi abin sha'awa ko abin dogaro.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne lokaci. Tsofaffin da suka san wace tsamiya ce ba a sara, wace rijiya ce ba a leƙawa da dare, suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Wuraren su ma suna tafiya, yau a cike kududdufi, gobe a yanki ganuwa. Ƙannena da magariba waya suke riƙewa, sun san dodannin finafinan Indiya da na Amurka, ba su san aljanar bayan gidansu ba. In wuri ya tafi, mai labarin ya tafi, ba a kuwa rubuta ba, to shi ke nan an yi asarar da ba ta da mayi.

Saboda haka ina roƙon shugabannin wannan ƙungiya tamu da editocin mujalla su ware shafi biyu a kowace fitowa domin gajeren labari ɗaya da waƙa ɗaya na al'ajabi, bisa sharaɗi uku. Na ɗaya, abin ya faru a wurin da marubucin ya sani da ƙafarsa, ya kira unguwar da sunanta, ko a Kano take ko a Katsina ko Zariya ko Maraɗi. Na biyu, ya faru a zamaninmu na wayar hannu da Adaidaita Sahu. Na uku, marubucin ya fara zuwa gaban wani tsoho ko tsohuwa ya durƙusa ya tambaya kafin ya ɗauki biro. Malamanmu kuma muna roƙo su duba mana abin da muka rubuta, su gyara mana inda muka kauce. Ni dai na fara nawa, a kan aljanar da aka tasa daga kududdufi take bin dillalai tana neman ɗakin haya a cikin birni, in Allah ya yarda zan miƙa shi kafin fitowa ta gaba. Allah ya sa mu dace, amin.