Jita A Ɗakin Ƙasa: Shawara Ga Ɗan Koyo Mai Son Ɗaukar Kiɗansa

Duk lokacin da aka tashi maganar kiɗa a tarurrukan wannan ƙungiya tamu, inda ake dosa sananne ne, watau taushin fada, da kotso, da kalangun Shata, da kuntigin Ɗanmaraya Jos. Ba ni da ja a kan wannan, domin kuwa su ne masu gida. Amma ina roƙon malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su yi mini uzuri yau in shigo da baƙuwa, ita ce jita. Na kira ta baƙuwa ne don ladabi kawai, in ba haka ba a garinmu Zuru ta daɗe da zama 'yar gida. Ƙasarmu ƙasar sojoji ce, kowa ya san wannan, kuma cikin waɗanda suka dawo daga bariki akwai masu dawowa da akwatin ƙarfe da rediyo, akwai kuma masu dawowa da jita rataye a kafaɗa. Majami'u suka karɓe ta suka rene ta. Yau ana rera waƙa da ita da Hausa, ana kuma yi da C'lela, harshen Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari.

Ni a hannun kawuna na koya, shi ma tsohon soja ne. Ban zama gwani ba, ba kuwa da ita nake cin abinci ba. Sai dai tun da na zo jami'a aka gan ni da ita, tambaya guda ce ke ta maimaituwa daga bakin 'yan koyo irina: wane kaya mutum zai saya don ya riƙa ɗaukar kiɗansa a ɗaki? Amsar da nake bayarwa ba ta faye yi musu daɗi ba. Nakan ce, kada ka sayi kayan garin da ba a cikinsa kake zaune ba. Mafi yawan masu ba da shawara a intanet suna magana ne daga ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, ɗakunansu da silin da kafet, tagoginsu na gilashi mai kauri. Kai kuwa kana Zuru, rufinka kwano, maƙwabcinka mai injin niƙa. Wanda ya daka rawar wani ai ya rasa turmin daka tasa.

Bari in ba da misali da wani abokina na unguwa. Ya sayar da buhunan masarar da ya noma da hannunsa, ya haɗa da abin da aka ba shi na rajistar makaranta, ya aika aka sayo masa makirufo irin wanda ake kira kondensa, da manyan lasifika guda biyu. Irin wannan makirufo kunnensa ya fi na zomo, abin da ya sa masu situdiyo ke son sa ke nan. Amma kunne ba ya zaɓen abin da zai ji. Da muka saurari ɗaukar farko, ga jita can a tsakiya, ga janaretan mai caji a dama, ga 'yan acaba a hagu, ga akuyar gidan tana amshi. Sa'an nan kuma shi wannan makirufo ba ya aiki sai an ba shi wata wuta ta musamman mai ƙarfin bolt 48, wadda sai ta cikin wani akwati take fitowa, shi kuma akwatin ba ya cikin lissafin abokina. Zangon karatu guda ya tafi a kan haka. Har yanzu in aka ce masara a gidansu sai mahaifinsa ya kawar da kai.

To, da me za a fara? Da abin da ya fi komai araha, tsirkiya. Tsohuwar tsirkiya wadda zufa da laimar damina suka sa ta yi tsatsa, ko da wane irin makirufo aka ɗauke ta muryar mai mura za ta bayar. Ka sa sababbi, ka ba su kwana ɗaya ko biyu su zauna, ka saita su da ɗaya daga cikin manhajojin saita jita na kyauta da ke cikin waya. Da hunturu kuwa sai ka ƙara kula, don bushewar iska tana motsa katako, jitar da ka saita da magariba kafin lisha ta sauka.

Bayan tsirkiya sai ɗaki, kuma a nan ne nake son in daɗe, don a nan muke da arzikin da ba mu san muna da shi ba. Sauti kamar ƙwallo yake, in ya bugi bango mai santsi da tauri sai ya dawo. Ɗakin siminti mai fenti, wanda ba kowa cikinsa sai tabarma, shi ne mafi munin wurin ɗaukar kiɗa, don makirufo zai ji jitar, ya kuma ji amsa-kuwwarta daga bango huɗu, sai abin ya cakuɗe kamar ana kiɗa cikin randa. Ɗakin ƙasa mai jinka kuwa, irin wanda muke jin kunyar nuna wa baƙi, bangonsa ba shi da santsi, ciyawar rufinsa tana shanye sauti. Turawa suna kashe kuɗi masu yawa wajen manna soso a bango don su sami kusan abin da kakata ta samu da yumɓu da ciyawa. A ɗakinta na yi ɗaukar da ta fi kowace kyau cikin waɗanda nake da su, tana zaune a bakin ƙofa tana kore mini kaji. Wanda ba shi da irin wannan ɗaki sai ya jingina katifa a bangon da ke gabansa, ya rataya bargo a bayansa, ya buɗe akwatin tufafi, ya shimfiɗa darduma. Kwanon rufi dai ba shi da magani. In hadari ya haɗo ka rataye jita, don ruwan Zuru ba irin yayyafin Sakkwato ba ne, in ya sauka a kan kwano ko maganarka ba za ka ji ba.

Lokaci ma yana cikin kayan aiki. Da asuba zakaru, da hantsi injin niƙa, da yamma yara, da daren damina kwaɗi da gyare. Abin da na ga ya fi shi ne tsakar daren hunturu, lokacin da sanyi ya kore kowa ɗaki kuma masu janareta sun kashe.

Sai yanzu muka iso ga na'ura, kuma ta farko tana cikin aljihunka. Wayar hannu ta yau ta fi rakodar kaset da magabatanmu suka yi aikin tattara waƙoƙin baka da ita tsabtar sauti nesa ba kusa ba. Sharaɗinta uku ne ko huɗu. Ka rufe layin kira tukuna, kada a buga maka a tsakiyar waƙa. Ka ɗora ta a kan matashi ko naɗaɗɗen zane, kimanin ɗani ɗaya ko biyu daga jita, tana fuskantar daidai inda wuyan jita ya haɗu da cikinta. Kada ka saita ta a bakin ramin nan na tsakiya, don daga nan gurnani kawai ke fitowa. Kada kuma ka ɗauka da abin aika saƙon murya na WhatsApp, domin don magana aka yi shi, yana matse sauti har zaƙin tsirkiya ya tsiyaye. Ka nemi manhajar da ke ajiye sauti a tsarin WAV. Gaskiya ne tana cin wuri, kusan megabait 10 kowane minti, alhali MP3 na yau da kullum bai fi 1 ba, amma WAV ita ce uwa. Daga gare ta kana iya fitar da MP3 ko nawa kake so, daga MP3 kuwa ba a komawa.

Idan ka shekara kana haka, har ka ga lalle waya ta yi maka kaɗan, to akwai hanya biyu. Ta ɗaya ita ce 'yar rakodar hannu, irin Zoom H1n, wadda ke aiki da ƙananan batura biyu. Ni ita na fi yaba wa mutumin Zuru, don ba ruwanta da wuta, tana shiga aljihu, kana iya tafiya da ita Dabai ko Ribah ko cikin gona. Ta biyu ita ce ta mai kwamfuta, watau ɗan akwatin nan da ke shiga tsakanin jita da kwamfuta, wanda masu situdiyo ke kira saunkad. Focusrite Scarlett Solo ya yi suna, Behringer UMC22 ya fi shi araha kuma yana biyan bukatar ɗan koyo. Dukansu daga jikin kwamfuta suke shan wuta. Mai jitar lantarki sai ya soka wayarta kai tsaye, ba ya bukatar amfilifaya, maƙwabta ma sun huta. Mai jitar katako kuwa sai ya haɗa da makirufo irin mai ƙaramin kunne, wanda ake kira dainamik, don shi abin da ke gabansa ya fi ji. Shure SM57, wanda ake ƙerawa tun 1965, shi ne abin misali, sai dai a yi hattara, jabunsa sun yi yawa a kasuwa, in ka ji farashin ya yi daɗi da yawa ka ja da baya. Wata dabara kuma: lokacin ɗauka ka zare cajar kwamfuta ka bar ta a kan batirinta. Sau da yawa wannan zizar da ake ji a ƙarƙashin kiɗa daga cajar take, musamman in wutar janareta ce. Manyan lasifika kuwa a bar wa masu biki. Abin sawa a kunne mai rufe kunnen gaba ɗaya ya ishe ka.

Maganar manhaja ba ta da tsawo. Audacity kyauta ce tun da ta fito a shekarar 2000, ba ta bukatar intanet, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta, kuma tana yin abin da ɗan koyo ke so: ya ɗauki jita, ya ɗora murya a kai, ya yanke tari. Reaper ta fi ta zurfi, ana gwada ta kwana 60 kyauta, lasisin mai ƙaramin ƙarfi dala 60. BandLab tana aiki a waya, amma tana son data. FL Studio, wadda samari ke rububi, gwanar haɗa kiɗan ganga da fiyano ce, kuma da ita nake da 'yar magana. Na sha ganin yaro ya shiga situdiyo da jitarsa, ya fito da waƙa wadda fiyano ya cinye, an gyara muryarsa da na'ura har uwarsa ba za ta gane shi ba, jitar tana can a ƙarƙashi kamar baƙon da ba a ba shi tabarma ba. Wanda ya ɗauki kansa a ɗaki shi ke da ikon cewa a bar tsirkiya ta yi magana. Su kuwa manhajojin sata da ake turawa a shagunan caji, sau da yawa da cuta suke zuwa, kuma kwamfutar da za su lalata ita ce wadda kundin digirinka ke ciki.

Kada wani ya ce kayan talaka ba sa kai mutum ko'ina. A 1982 mawaƙin Amurka Bruce Springsteen ya zauna a ɗakin kwanansa a New Jersey ya ɗauki waƙoƙi da rakodar kaset mai layi huɗu, Tascam Portastudio, da nufin gwaji kawai. Da aka sake yin su a babban situdiyo sai aka ga ba su kai na ɗakin rai ba, aka fitar da na kaset ɗin, shi ne faifan Nebraska. Ga kuma misali na kusa da gida. Mdou Moctar, ɗan Abzinawan Nijar, jitarsa ta farko da hannunsa ya ƙera ta da wayoyin birkin keke. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, ya kuma bazu daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori, har wani kamfanin Amurka mai suna Sahel Sounds ya tsinci waƙarsa ya sa ta cikin wani tarin waƙoƙin wayoyin Sahara a 2011. Daga nan ya shiga zagaya Turai da Amurka. Darasin da na ɗauka a nan na aiki ne: masu sauraronka a waya za su ji ka. Tsirkiyar jita mafi kauri tana kaɗawa ne sau 82 a daƙiƙa, lasifikar waya kuwa ba ta iya fitar da sauti mai zurfi haka. Saboda haka kafin ka ce ka gama, ka saurari aikinka a wayar ƙanenka da akwatin mai shayi. In jitar ta ɓace a can, ka koma ka gyara.

Abin da ya sa na ɗauki wannan magana da zafi bai tsaya ga nishaɗi ba. Kawun nan nawa yana da wani salon kaɗa tsirkiya da babban yatsa da manuni, wanda ya koyo a bariki wajen abokan aikinsa 'yan kudu, ya zo ya ɗora waƙoƙin gida a kai. Ban taɓa jin irinsa a rediyo ba. Yanzu yatsunsa sun soma ƙagewa, waƙar da yake yi bara ba ya iya kai ta ƙarshe bana. Da na ce zan ɗauke shi sai ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wa zai saurari tsohon soja?" Na ce, "Kawu, jikokinka." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce in miƙo masa jitar. Waƙoƙi goma sha ɗaya muka samu cikin dare uku, da waya da matashi, a ɗakin kakata. Irinsa suna da yawa a ƙasar Zuru, masu jita da masu kayan kiɗan gargajiya, masu waƙoƙin noma da na bikin Uhola, kuma babu situdiyon da zai bi su ƙauye. Mu ɗalibai da ke komawa gida kowane hutu mu ne muke kusa da su.

Wanda zai yi wannan aiki, ya nemi izinin mai kiɗan tukuna, ya gaya masa inda sautin zai je. A farkon kowace ɗauka ya faɗi da bakinsa sunan mai kiɗa, da garin, da ranar, da harshen waƙar, don takarda tana ɓata amma wannan yana manne da sautin. Ya ajiye kwafi a wuri biyu, don katin memori yakan mutu ba sallama. Nawa ɗaya yana cikin kwamfuta, ɗaya yana cikin akwatin ƙarfen kawu tare da takardunsa na sallama daga soja. Na uku kuwa ina neman malamin da zai karɓa ya ajiye a sashe, in akwai wurin ajiye irinsa.